Akushi Tara da Rajistar Malam

Ruwan tsakiyar watan Agusta ne ya tona mana asiri. Iska ta ɗaga kwano ɗaya a rufin ɗakin da muke kira ɗakin tarihi, a makarantar da nake koyarwa a nan Katsina, ruwa ya yi ta zuba, kuma da yake hutu ake yi sai da aka kusa mako uku kafin wani ya leƙa. Baba maigadi ne ya ji wari ya kira ni a waya. Da na buɗe ƙofar, gara ta riga ta yi gini daga ƙasa har tsakiyar bango, fumfuna ta yi fari fat a kan sirdi, wani adudu kuma da na kama zan ɗaga, murfin ya biyo hannuna, gindin ya zauna a ƙasa ya zama gari.

Ɗakin bai kai girman aji ɗaya ba. Marigayi malaminmu na tarihi ne ya tara abin da ke cikinsa, tun muna ɗalibai a makarantar. Duk ranar da za a ba da hutu sai ya ce kowa ya tambayi kakarsa ko akwai abin da aka daina amfani da shi yana ajiye a ƙarƙashin gado. Da haka aka samu akusa da ƙorai, mazari da ƙoshiyar saƙa, zunguru, tandu, gafaka, kwari da baka, wuri a cikin kwalba, anini da kwabo mai huji, fitilar aci-bal-bal, da dutsen guga na gawayi. Yana da wata rajista mai baƙin bango. Kowane abu ya shigo sai ya ba shi lamba, ya rubuta sunansa, da wanda ya kawo, da unguwa ko ƙauyen da ya fito, da abin da mutanen gidan suka faɗa a kansa. Lamba ta ƙarshe da ya rubuta da hannunsa ita ce 214. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, mabuɗin ɗakin kuma a hannuna yake tun lokacin. Ban kula da ɗakin yadda ya kamata ba, kuma abin yana damuna har yanzu.

Da aka koma makaranta shugabanmu ya kira ni ofis. "Malam, ka ga halin da muke ciki. Kwamfutoci ashirin aka ba mu don yara su riƙa gwajin jarrabawar shiga jami'a, ga su nan a kwali, babu ɗakin sa su. A kwashe tarkacen nan kawai a huta." Ban ga laifinsa ba, domin yaran suna buƙatar kwamfutocin, ɗakin kuma ya fi shekara biyu babu ajin da ya shiga. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu in bi rajista tukuna." Ya yarda.

Sai dai na makara da kwana ɗaya. Ranar da aka zo gyaran rufi ina wajen jana'iza a Kaita, aka fito da kayan waje don a samu wurin kafa tsani, wani ɗan gwangwan ya biyo da kurarsa, aka ɗora masa kusan duk abin da yake ƙarfe ne a sikeli. Likkafa biyu na tagulla, tasa, dutsen guga, fitilar nan, duk sun tafi a kilo. Washegari na bi sawu har wurin da suke tara kaya, aka ce mini motar ta tashi tun da asuba. Da na dawo na buɗe rajista, a gaban lamba 31 Malam ya rubuta cewa likkafun na wani barde ne da ya yi hawan sallah da su a zamanin Sarki Dikko, wanda ya yi sarautar Katsina daga 1906 zuwa 1944. Kuɗin da aka karɓa a kan dukan ƙarafan bai sayi kwanon rufi ɗaya ba.

A ranar na tafi gidan wani abokin yayana da ya yi aiki a gidan tarihi har ya yi ritaya. Na je ne da shirin in ce masa babu abin da zai sake fita daga ɗakin nan muddin ina raye. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce mini ba haka ake yi ba. Babu gidan tarihin da ba ya fitar da kaya. Sito yana cika, kuɗin kulawa ba ya isa, wani abin ya lalace har ya zama haɗari ga na kusa da shi, wani kuma tun farko bai dace da gidan ba, an karɓa ne don kada a ba mai kyauta kunya. Wanda ya ce zai riƙe komai, in ji shi, gara ce za ta zaɓa masa abin da zai rasa. Abin dubawa shi ne ta ina kayan ya fita, ta ƙofa ko ta taga.

Ya ɗauko mini ƙa'idojin ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, waɗanda aka amince da su a 1986, aka sake musu fasali a 2004. Muka zauna a kan tabarma yana fassara mini sashen fitar da kaya. Mutum ɗaya ba ya yanke hukunci, sai hukumar da ke kula da gidan tare da masu kula da kayan. Sai an duba ko mai kyautar ya gindaya sharaɗi. Sai an rubuta dalili, da inda abin ya tafi. Ana son a fara tayin abin ga wani gidan tarihi kafin a yi tunanin kasuwa. In har an sayar, kuɗin na kayan da suka rage ne kaɗai, galibi don a sayo wani abin a ƙara. Ma'aikacin gidan kuwa, da iyalinsa da makusantansa, ba a yarda su sayi abin da aka fitar daga hannunsu ba.

Yana cikin karantawa na ji kamar na taɓa jin maganar nan a wani wuri. Sai da na hau babur zan koma na tuna: a zauren kawuna ne a Masanawa, lokacin da muke karanta Risala, a babin da ya haɗa kyauta da sadaka da hubusi, wato waƙafi, da ajiya. A can aka ce ba a sayar da hubusi ko da ya rushe, amma dokin da aka yi hubusinsa idan ciwon hauka ya kama shi ana sayar da shi, a sa kuɗin a wani doki irinsa ko a taimaka da su wajen sayensa. Wato abin da aka keɓe don amfanin jama'a, ko da larura ta sa an rabu da shi, kuɗinsa ba ya canza hanya. Mun san wannan tun kafin a gina gidan tarihi ko ɗaya a ƙasar nan. Abin da ya ba ni takaici shi ne ban taɓa kallon ɗakin Malam da wannan idon ba. Iyayen da suka ba da kayan nan ba ni suka ba, ba kuma shugaban makaranta ba. Yaran da za su zo nan gaba suka ba, mu ajiya ce aka bar mana.

Ba mu kaɗai ke zamewa a nan ba. A 2014 hukumar garin Northampton a Ingila ta ɗauki wani mutum-mutumin Masar mai suna Sekhemka, wanda ya haura shekara dubu huɗu, daga gidan tarihin garin ta kai gwanjon Christie's a Landan, aka saye shi fam miliyan 15.76. Sun ce faɗaɗa ginin za su yi. Mutanen gari sun yi ƙorafi, Masar ta yi ƙorafi, aka soke wa gidan tarihin takardar amincewa, abin kuma ya shige hannun wani mai kuɗi da ba a bayyana sunansa ba. A gida ma, a 1973, Janar Yakubu Gowon zai kai ziyara Birtaniya, aka ɗauki kan tagulla na masarautar Benin daga gidan tarihi na Legas aka kai wa Sarauniyar Ingila kyauta. Likkafunmu ba su kai waɗannan daraja a kasuwa ba, amma hanyar fitarsu ɗaya ce: buƙata ta taso, mai iko ya ce a ɗauka, ba a tambayi masu abin ba.

Muka kafa kwamiti na mutum huɗu, ni da mataimakiyar shugaba, da wakilin iyayen yara, da wani tsohon ɗalibi. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, muna fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, ina kiran lamba ana dubawa.

Waɗanda gara ta gama da su ba su ba mu wahalar shawara ba, wahalar zuciya suka ba mu. Guda 23 ne: gadon kara, faifai huɗu, adudu, lefe, kwari, da sauransu. Barin su kusa da lafiyayyu ganganci ne. Kowane ɗaya na ɗauke shi hoto da waya, muka auna tsawo da faɗi, na ja jan layi ɗaya a kan sunansa a rajista yadda rubutun Malam zai ci gaba da karantuwa, na rubuta kwanan wata da dalili a gefe, mu huɗu muka sa hannu. Abokin yayana ya ja mini kunne cewa lambar abin da ya fita ba a sake ba wani abu ita har abada, don wanda zai zo bayanmu ya ga gurbin ya san akwai abin da ya taɓa zama a wurin. Da la'asar muka cinna musu wuta a bayan katanga. Baba maigadi ya tsaya yana kallon gadon karan yana ci, ya ce, "Malam, a kan irin wanga gado aka haife ni." Na rubuta wannan ma a gefen lambar.

Akwai tarin warƙoƙi na rubutun hannu a cikin wata gafaka, ayoyin Alƙur'ani ne, danshi ya manne wasu, gara ta ci wasu. Waɗannan ban yarda mu yanke hukunci mu kaɗai ba. Na kai wa limamin unguwarmu. "Allah ya gafarta Malam, yaya za mu yi da waɗannan?" Ya sa muka ware masu karantuwa muka shanya su a inuwa, muka jera su tsakanin fararen takardu. Waɗanda suka zama burbushi kuma ya naɗe su a farin ƙyalle, aka binne a wuri mai tsarki inda ƙafa ba ta bi.

Akusan ne suka fi tsayar da mu. Guda tara ne, baƙaƙe, kusan girmansu ɗaya. Kowa ya ce biyu sun isa, a zaɓi masu kyau a sallami bakwai. Ni ma haka na gani. Na ware biyu masu sheƙi da ba su da ko tsaga, na tura sauran gefe, a cikinsu har da wani mai mummunan fashi da aka ɗinke da waya, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya. Mataimakiyar shugaba ce ta ce, "Malam, karanta mana abin da aka rubuta a kan kowanne kafin mu sa hannu." Biyun da na zaɓa, abin da ke gabansu kawai shi ne an sayo su a kasuwa. Mai wayar kuwa, lamba 58, Malam ya cika masa rabin shafi. Wani yaro ne daga wajen Mani ya kawo shi, kakarsa ta ce na mahaifiyarta ne, kuma da shi aka riƙa auna wa gidan abin da za a ci a yunwar Kakalaba ta 1914, cikinsa ɗaya ga mutum goma sha ɗaya a wuni. Da ya fashe ba ta yarda an yar ba, ta sa aka ɗinke. Na karanta a fili, muka yi shiru. Da ido muka bi, da wannan ne farkon wanda zai tafi.

Tun daga nan na daina yarda da kalmar "iri ɗaya ne" in ba a bincika ba. Babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, dokarsa ta 1963 ta hana shi fitar da kaya sai a 'yan wurare kaɗan, ɗaya daga ciki shi ne abin da yake da irinsa a ajiye. Da hujjar "akwai irinsa" gidan ya rabu da kayan tagullar Benin sama da 30 tsakanin 1950 da 1972, daga cikin waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, kuma Nijeriya ce ta sayi da yawansu da kuɗinta don ta zuba a gidan tarihinta. Daga baya aka gane cewa da yawa daga cikinsu alluna ne da aka ƙera bibbiyu da gangan, don a kafa su tare a fadar Oba, Sarkin Benin. Abin da aka ɗauka maimaici ne, ashe raba ɗan'uwa da ɗan'uwa aka yi. In masana masu digiri sun yi wannan kuskuren, mu a ƙarƙashin darbejiya sai mu ƙara taka-tsantsan. A ƙarshe mun riƙe akusa huɗu masu labari. Uku mun ba wata makarantar firamare da ke neman kayan koyar da al'ada, da takardar karɓa. Biyun nan masu sheƙi mun cire su daga kayan ajiya mun mayar da su na taɓawa, yara su ɗauka su juya su ji nauyinsu, in sun fashe ba a yi asarar labari ba.

Sai zagayen gidaje. Duk abin da muka ga ba za mu iya riƙewa ba, kuma rajista ta nuna gidan da ya fito, mun nemi masu shi. Wasu sun tashi, wasu sun ƙare. 'Ya'yan mai gafakar nan na same su a Gambarawa, babban cikinsu ya karɓe ta da hannu biyu, ya daɗe yana shafa fatar bai ce komai ba, sannan ya sa hannu a rajista. A Rafindadi kuma na sami wata tsohuwa da ɗanta ya kawo mana zanen saƙi da mazari shekaru da yawa. Asu ya fara taɓa zanen, mu kuma ba mu da akwatin da zai tsare shi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, kayanki na kawo miki, mun kasa riƙewa." Ta ɗaga zanen kusa da idonta, ta mayar mini. "Ɗan nan, abin da aka ba makaranta ai ya zama na makaranta. In na amsa, ranar da na mutu tsumma za a yi da shi. Ku nemi inda za a kula da shi." Daga nan ta shiga ba ni labarin yadda ta kaɗa zaren da kanta shekarar aurenta, da masaƙin da ya saƙa, da marinar da aka kai aka turo shi. Babu ko ɗaya a rajista. Na cika shafi biyu a zaune a ɗakinta, na dawo da zanen, wakilin iyaye ya saya mana akwatin ƙarfe mai murfi daga aljihunsa.

Abu ɗaya ne ya kusa raba kan kwamitin. Lamba 102 wani ɗan kai ne na gasasshen yumɓu, bai fi dunƙulen hannu biyu ba, wanda rajista ta ce wani manomi ne garmarsa ta tono a gona a 1987. Wani abokin aikinmu ya ce gunki ne, bai kamata ya kwana a makaranta ba, a fasa shi. Kwana biyu bayan haka wani mutum da ban sani ba ya same ni a bakin ƙofa, ya ce ya ji muna rage kaya, zai ba da naira dubu ɗari huɗu a kan kan nan, babu wanda zai ji. Har yau ina mamakin yadda labarin ya kai masa. Na ce masa ba nawa ba ne. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya sai ta hannun hukumar ko wanda ta ba izini, ta kuma hana fitar da su waje babu takarda. A shekarar 2000, da ICOM ta fitar da jerin kayan tarihin Afirka da aka fi wawushewa, yumɓun Katsina yana ciki tare da na Nok da na Sakkwato, saboda yadda ake haƙe su a ɓoye ana tsallakawa da su Turai. Ga abokin aikina kuma na ce babu mai bauta wa wannan abu, shaida ce kawai ta mutanen da suka zauna a ƙasar nan kafin mu, kuma kamar yadda ba mu da ikon sayar da shi, haka ba mu da ikon fasa shi. Mun rubuta wasiƙa muna neman miƙa shi ga gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Kafin a kammala, yana kulle a ofishin shugaba, mabuɗi ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurina.

Yanzu kwamfutoci sun shiga ɗakinsu. Abin da ya rage na kayan Malam yana cikin kabad biyu masu gilashi a laburare, an ɗaga ƙafafunsu daga ƙasa, nakan duba su kowace Alhamis. Rajistar na ɗauki hoton kowane shafi na ajiye a wuri uku.

Shafi ɗaya ne na rasa. Gara ta cinye wanda ke ɗauke da lamba 140 zuwa 151, kayan kuma suna nan da lambobinsu a jiki: kuben takobi babu takobin, tandu biyu, wani ƙaton mabuɗin ƙofa, zoben azurfa, ƙaramin allo da ya ƙone ta gefe, da sauran shida. Kwamiti ya amince kada a taɓa ko ɗaya har sai an nemi labarinsu. Bisa shafukan da ke gaba da baya, an kawo su ne tsakanin 1988 da 1989. Waɗanda suka yi karatu a hannun Malam a waɗannan shekaru sun san makarantar, sun kuma san ni. Duk wanda ya tuna ya taɓa dawowa hutu da ɗaya daga cikin abubuwan nan a jakarsa, don Allah ya zo ya same ni a laburare ranar Alhamis bayan azahar, na bar musu sabon shafi a rajista.